Kafin ka ce sarƙar taimin ta miƙe

Shekarar da na sayi sikana ta farko, wato na'urar da ke karanto matsalar mota daga kwamfutarta, ji nake duk layin garejinmu babu kamata. Mota ta shigo da wutar cek a kunne, sai in durƙusa ƙarƙashin sitiyari, in cusa waya a ramin nan mai baki 16, in karanto lamba, in faɗa wa mai mota abin da zai sayo. Ƙannena masu koyon wannan sana'a, a kan taimin ɗin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawulolin inji ta rufe su a kan lokaci, na fi kwasar kunya.

Wata Corolla ce 'yar 2005, mai inji 1ZZ. Mai ita malamin makaranta ne, ya ce ba ta jan hanya kuma ga shan mai. Sikana ta ba ni P0012, wato kamshaf na ɓangaren shigar iska yana makara. Ko bonet ban gama ɗagawa ba na yanke hukunci cewa sarƙar taimin, wadda ke juya kamshaf, ita ce ta miƙe. Na tura bawan Allah Ƙofar Ruwa ya sayo sarƙa da tenshina mai ɗame ta da kuɗin albashinsa, muka kwana biyu a kan injin. Kwana uku da ɗaukar mota, sai ga shi ya dawo, wuta ta sake kamawa, lambar ma ba ta canja ba.

Tsohon maigidana ne ya leƙo. Bai ko kalli kwamfutar ba. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya murza a yatsunsa, abu kamar kwalta. Ya ce, "Kai yaro, ka tambayi Malam yaushe rabonsa da juye?" Ban tambaya ba.

Abin da na kasa riƙewa shi ne, tsarin VVT-i na Toyota da ƙarfin baƙin mai yake juya kamshaf gaba ko baya. Kwamfutar mota tana ba wani bawul umarni, shi kuma ya tura mai cikin giyar da ke kan kamshaf. Kafin man ya isa bawul ɗin akwai wata 'yar rariya da ba ta kai ɗan yatsa ba. Da muka kwanto ta, a toshe take da dauɗa. Muka wanke da fetur, muka yi juye, shi ke nan. Kuɗin sarƙa kuwa daga aljihuna na mayar wa Malam rabi, har yau ina jin ciwon abin.

Tun daga ranar na daina tsayawa kan lamba. Ka shiga shafin sikana da ke nuna bayanai lokacin da inji ke aiki, ka nemo layi biyu: kusurwar da kwamfuta ke nema, da wadda kamshaf yake kai a zahiri. Ka bar inji ya yi zafi tukuna, domin mai sanyi kauri gare shi, zai iya yi maka ƙarya. A silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, irin wannan injin ba ya neman komai, kusan sifili za ka gani. Sa yaro ya ja motar kai kana kallon allo. Idan layi na farko ya hau, na biyu ya bi shi nan take, lafiya lau. Idan yana binsa da jan ƙafa ko ya ƙi motsi, zargi mai, rariya ko bawul. Idan kuwa tazarar tana nan daram ko a silo ko a guje, to nan ne maganar sarƙa take da tushe, musamman in ana jin ƙarar kacau-kacau da sassafe.

In sikanarka tana iya ba bawul ɗin umarni, gwada shi a silo. Mai lafiya zai sa inji ya yi rawa ko ya mutu. In bai ko girgiza ba, ka san inda za ka duba.

Sai batun digiri, wanda ya taɓa ruɗa ni a kan wata Camry mai P0016. Karankishaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, yana juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya, don haka digiri 10 a kamshaf 20 ne a karankishaf. Giya mai haƙora 36 in ta tsallake haƙori ɗaya, abin da za ka gani ke nan. Ni ban san da wanne manhajata take lissafi ba, na raina digirin da ta nuna, na canja sensa har biyu, na karankishaf da na kamshaf. P0016 cewa take yi sensoshin biyu ba su jitu ba, ba ta ce ɗayansu ya mutu ba. Da na buɗe murfi na daidaita alamomin taimin, sai na tarar wanda ya yi aikin kafin ni ya ɗaura sarƙar da kuskuren haƙori guda. Sensoshin nan biyu da na cire suna cikin akwatin kayan aikina, lafiyarsu ƙalau.