Godiyarmu bayan dawowa daga bikin tumaki da ulu na Rhinebeck

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

Alhamdu lillahi, mun je lafiya, mun dawo lafiya, ba wadda ta ɓata a cikin cinkoso, ba wadda sanyi ya kwantar. A madadin matan da muke haɗuwa saƙa a Bronx, cikin birnin New York, muke miƙa wannan godiya. Wasu daga cikin waɗanda suka yi mana alheri ba sa jin Hausa, ko sunayensu ma ba mu tambaya ba. Abin da suka ba mu ilimi ne, shi ya sa za mu rubuta shi dalla-dalla yadda 'yan uwan da ba su samu zuwa ba za su amfana.

Ga wadda ba ta sani ba, bikin nan na jihar New York ne, ana yin sa kowace shekara a watan Oktoba, Asabar da Lahadi, a filin baje-kolin gundumar Dutchess da ke garin Rhinebeck, kusa da kogin Hudson. A 1980 aka fara shi, kuma asalinsa kasuwa ce ta makiyaya masu sayar da tumaki masu ciki. Yau ya cika da rumfunan zare, da masu rini, da masu kaɗi, da karnukan kiwo da ake nuna yadda suke tattara garke. Muna gode wa masu shirya shi da 'yan sa-kai da suka wuni a tsaye suna nuna wa baƙi hanya.

Sai ƙanenmu da ya tuƙa mu, Allah ya yi masa albarka, ya raba shi da iyayensa lafiya. Shi ya dage a tashi da an idar da sallar Asuba, kuma gaskiyarsa ce. Tafiyar kusan awa biyu ce idan hanya a buɗe take, amma wanda ya makara ranar Asabar, layin motocin shiga fili kaɗai zai cinye masa safiya. Shi ya kuma tuna mana cewa hanyar Taconic ba a yarda manyan motoci da motocin kasuwanci su bi ta ba, don haka masu niyyar ɗaukar hayar bas baɗi su tambayi direba hanyar da zai bi tun kafin a biya kuɗi. Mai son jirgin ƙasa kuwa, tashar Rhinecliff ce mafi kusa, daga nan sai a nemi mota.

Babbar godiyarmu tana wurin wata makiyayiya, dattijuwa, da muka tarar a wurin sayar da ɗanyen gashin tumaki. Ta ga muna ta shafa buhuna muna zaɓen wanda ya fi laushi, sai ta ajiye abin da take yi ta koya mana dubawa, alhali ba nata muke shirin saya ba. Ga abin da ta nuna mana. A zaro ɗan tsagi guda mai kaurin fensir, a riƙe bakinsa biyu, a kai kusa da kunne, a fizga da ɗan ƙarfi. Lafiyayyen gashi ƙara yake yi siririya kamar an taɓa tsirkiyar garaya. Idan aka ji ƙas-ƙas, ko ya tsinke a tsakiya, a mayar. Wurin da ya tsinke ɗin shaida ce ta lokacin da tunkiyar ta yi zazzaɓi, ko ta sha wahalar haihuwa, ko abinci ya yi mata ƙaranci. A kwanakin nan gashin ya fito siriri, kuma raunin yana nan a layi ɗaya a duk jikin. Irin wannan gashin wurin sharcewa yake kakkaryewa, zarensa kuma ya riƙa yin ƙudaje a jikin riga. A gwada daga wuri uku aƙalla: kafaɗa, gefe da cinya, domin na kafaɗa ya fi kyau, na cinya ya fi kaushi, mai sayarwa kuma ba zai ɗora na cinya a bakin buhu ba.

Bayan haka a juya ɓangaren da aka aske. Idan aka ga guntaye-guntaye da ba su kai gaɓar yatsa ba sun yi yawa, mai askin ne ya bi wuri ɗaya sau biyu, kuma duk sai an tsince su da hannu. A duba ciyawa da ƙaiƙayi. Manyan karare ba matsala ba ne, ana cirewa. Garin busasshiyar ciyawa da ke zuba a wuya da gadon baya lokacin cin abinci shi ne fitina, wanki ba ya fitar da shi. Wasu makiyaya riga suke sa wa tumakinsu don kare gashin, shi ya sa nasu ya fi tsada, kuma a ganinmu kuɗin ya halatta ga duk wadda ta taɓa kwana tana tsintar ƙaiƙayi. Ta kuma ce a tambayi watan da aka yi askin. Galibi da bazarar ƙasar nan ake aske tumaki, wato gashin da ake sayarwa a Oktoba ya yi watanni a buhu, maiƙonsa ya fara daskarewa. Tumakin Iceland ana aske su sau biyu a shekara, kuma na kaka ya fi tsabta saboda a makiyaya suka yi watannin, ba a garke ba.

Ba laifinmu ba ne da ba mu san wannan ba tun daga gida. Tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, gajeren gashi gare su irin na awaki, ba a kaɗa shi. A ƙasar nan kuwa kowane irin tumaki da aikinsa. Merino ya fi kowa laushi, shi ne na kayan jarirai da abin da zai taɓa wuya, amma ba ya jure gurzawa. Romney gashinsa dogo ne mai sheƙi, yana da sauƙin kaɗi, shi muke ba mai koyo shawarar ta fara da shi. Corriedale tsaka-tsaki ne. Jacob, mai dabbare-dabbaren fari da baƙi, wanda wasunsa ke da ƙaho huɗu, yana ba da launi biyu ko uku daga tunkiya ɗaya ba tare da rini ba.

Wata baiwar Allah mai nuna kaɗi da keken kaɗi ita ta cece mu daga kuskuren lissafi, Allah ya saka mata. Ɗanyen gashi da nauyinsa ake saye, amma cikin nauyin nan akwai maiƙo da gumi da ƙasa. Merino na iya rasa kusan rabin nauyinsa a wanki. Romney wajen kashi ɗaya cikin huɗu yake rasawa. Ke nan wadda ta sayi kilo uku na Merino kada ta sa rai da fiye da kilo ɗaya da rabi, kafin ma a cire abin da zai zube wurin sharcewa. Wannan ya ishi rigar sanyi ta babba guda biyu, amma ba huɗu ba kamar yadda ido ke raya wa mutum a gaban buhu.

Wankin kansa ga yadda ta tsara mana. A raba gashin kashi-kashi, kamar rabin kilo, a sa a jakar raga. A cika baho da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, a zuba sabulun ruwa na wanke-wanke bayan an gama tara ruwan don kada ya yi kumfa. A nutsa jakar a hankali, a bar ta minti 15 zuwa 20, kada a cuɗa, kada a murɗa, kada a buɗe famfo a kanta. Dalili shi ne kowane silin gashi yana da ƙananan ɓawo kamar na kifi. Zafi da sabulu suna buɗa su, motsi kuma ya sarƙe su da juna, sai gashin ya dunƙule ya zama kamar kirgi, ba mai iya warware shi. Kada kuma a bari ruwan ya huce da gashin a ciki, domin maiƙon da ya narke zai sake mannewa, kuma na biyun ya fi na farko wuyar fita. A ɗaga, a tsane, a maimaita sau biyu, Merino wani lokaci sau uku. Ɗauraya ma da ruwa mai zafi iri ɗaya. Daga zafi a faɗa sanyi kai tsaye shi ma yana dunƙule shi. Ruwan farko kada a zuba shi a bututun gida, musamman mu masu zaman haya a bene, don maiƙon yana daskarewa a ciki ya toshe shi. A shanya a kan raga a inuwa, kwana biyu ko uku.

Hajiya Babba, uwarmu, mun gode. Da kika karɓi mazari a hannun mai rumfa kika murza shi, mutane sun tsaya kallo, mu kuma mun ji daɗi. Bayanin da kika yi mana a mota ya kamata kowa ya ji: silin auduga gajere ne, da ƙyar yake wuce inci ɗaya, shi ya sa iyayenmu ke ɗora mazari a cikin tasa su ba shi murɗi mai yawa. Silin ulu ya ninka haka sau uku zuwa shida, yana iya ɗaukar nauyin mazari a rataye, kuma idan aka ba shi murɗin auduga sai ya yi tauri kamar igiya. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Yawancinmu dai zaren da aka riga aka kaɗa muka saya, kuma nan ma akwai masu rumfunan da suka yi haƙuri da tambayoyinmu. Rigar sanyi ta mace matsakaiciya da zare mai matsakaicin kauri tana cin yadi 1,000 zuwa 1,400. Ƙunshi mai giram 100 na irin wannan zaren yana da yadi 200 zuwa 220, wato ƙunshi biyar zuwa bakwai, a ƙara ɗaya don tsaro. Safa kuwa giram 100 na siririn zare ya isa, amma a nemi mai haɗin nailan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, in ba haka ba diddige zai huje da wuri. A sayi duk abin da ake bukata a rana ɗaya daga tukunyar rini ɗaya, domin ƙaramin mai rini ba zai iya sake fitar da launin daidai ba. Ko na tukunya ɗaya ma, idan rinin hannu ne, a riƙa saƙa layi biyu da wannan ƙunshi, layi biyu da wancan, don kada a ga iyaka a tsakiyar ƙirji. Zaren da ya zo a murɗe kamar kitso kada a fara saƙa da shi haka; a buɗe shi a bayan kujera, a yanke ƙullin da ke riƙe da shi, a naɗe shi ƙwallo tukuna. Wadda ta yi gaggawa za ta kwana warwarar sarƙa. Sannan a saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 15, a wanke, a shanya, a ƙirga ɗinki nawa ne a santimita 10. Ulun da aka sarrafa don ya jure injin wanki yana saki idan ya jiƙe, rigar da ta tsaya a ƙugu sai a wayi gari ta kai cinya.

Gargaɗi ɗaya ba wanda ya ba mu shi a can, daga gare mu ne: asu. Duk ulun da ya shigo gida, ɗanye ko kaɗaɗɗe, kada a haɗa shi da na da. A ɗaure a leda, a sa a firiza mako guda, a fitar ya yi kwana biyu, a sake mayarwa. Tsutsar ce ke cin ulu, ba mai tashin ba, kuma ta fi son wanda ke da maiƙo da gumi.

Yaya da ta tashi tsakar dare ta dafa mana dafa-duka da soyayyar kaza, Allah ya biya ki. Ana sayar da naman rago iri-iri a wurin, amma mu ba mu san yankan ba, sai muka tsaya ga namu da shayinmu a fulas, muka ƙara da tuffa da cincin mai ruwan tuffa da yankin ya yi suna da shi. Wadda ta tuna da darduma da buta, ita ma mun gode. Azahar da La'asar a gefen mota muka yi su, kan ciyawa, ba wanda ya dame mu. Waya kan yi nauyi idan jama'a sun cika, injin karɓar kati ma yakan tsaya, don haka a riƙe tsabar kuɗi, a kuma sa wuri da lokacin haɗuwa tun daga ƙofa. Tufafi a sa su hawa-hawa: da safe sanyi har ƙashi, da rana kuma wadda ta sa rigar da ta saƙa musamman don bikin, kamar yadda al'adar wurin take, sai ta yi ta gumi tana jin kunyar cirewa.

Mazajenmu da surukanmu da maƙwabtan da suka riƙe mana yara tun duhun asuba har bayan Isha'i, ba mu da bakin gode muku. Allah ya bar zumunci, ya saka da mafificin alheri. Wadda muka saɓa wa a hanya, da gajiya ko da yunwa, ta yafe mana.

Gashin Romney ɗin da muka yi karo-karo muka saya yana nan a firiza. Ranar haɗuwarmu ta gaba za mu wanke kashin farko. Kowace ta zo da jakar raga ɗaya, da safar hannu ta roba mai kauri, da tsohon tawul. Ma'aunin zafin ruwa da bahuna biyu suna wurin Hajiya Babba.

Wassalamu alaikum.