Riguna 67 da na kulle a jaka

Warin fumfuna ne ya tona asirin. Duk wanda ya zauna a Jos ya san halin watan Agusta: a kwana uku ana yayyafi rana ba ta leƙo ba, bango ya ɗau sanyi, wanki ya ƙi bushewa a igiya. Uwargida ta buɗe wadirob za ta jera guga, sai na ji ta ƙwala mini kira: "Abbansu, zo ka ji da hancinka." Can ƙasa, bayan manyan kaya, jakunkunan Gana-mas-go ne guda biyu da na ɗaure tun muna gidan haya a Anguwar Rogo. Haka muka kwaso su zuwa Rikkos, ba wanda ya taɓa zuge zif ɗinsu.

Ranar Asabar da gari ya ɗan washe na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zazzage jakunkunan, na haɗa da na cikin durowa. Tishat 67 na ƙirga. Ni kuwa mutum ne mai yadi da shadda. Tishat sai in ina gida, ko a ƙarƙashin kaftani in sanyin Disamba ya matsa. Waɗanda jikina ya sani a cikinsu ba su wuce shida ba.

Kusan rabinsu kyauta na samu: ta taron bita, ta tallar kamfanin waya, ta gangamin rigakafi, ta kamfen. Yawancin sauran kuma gwanjo ne na Katako. Lokacin muna Jami'ar Jos sammako muke yi mu je inda ake fasa dila, don mu riga kowa tsintar na sama-sama kafin a bar wa 'yan rana ragowa. Ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina karanta rubutun jikinsu, sunayen makarantu da gasar gudu na garuruwan Amurka da Ingila da ban taɓa takawa ba. Wani ne a can ya rage kayan ɗakinsa, rigar ta keto teku ta iso Filato don ta suturta mutum, ni kuma na kulle ta a jaka shekara da shekaru. Wannan tunanin ya tsaya mini a rai.

Na kasa su kashi uku: na ajiyewa, na bayarwa, na tsumma. Ranar Hajiya ta zo mana wuni, tana zaune kan kujera da carbinta tana kallona. Can ta miƙa hannu cikin kashin bayarwa ta ɗago wata wadda wuyanta ya saki, hammatarta ta yi rawaya.

"Wannan wa za ka ba?"

"Almajiran makarantar layinmu, Hajiya."

"Kai za ka iya sa ta ka fita masallaci?"

Na yi shiru. Ta tuna mini ayar nan ta 267 a Suratul Baƙara, inda aka hana mu zaɓo mara kyau mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Ba ta ƙara komai ba, ta koma kan carbinta. Da na sake duba tabarmar sai na ga abin da ta gani. Duk masu kaurin yadi, masu kyan launi, na tura su kashin ajiyewa ko da sun yi mini kaɗan, na tara wa yaran mutane waɗanda ni na gaji da gani. Na wargaza kason na sake daga farko.

Rigunan kamfen guda 11 ne, tun daga zaɓen 2007 har na 2023, kuma ko ɗaya ban bayar ba. Mu da muka ga rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Nuwamban 2008 ba ma wasa da wannan. Almajiri yana yawo unguwa-unguwa neman abinci, bai san hoton wa ke ƙirjinsa ba, bai san layin da tambarin wata jam'iyya zai jawo masa magana ba. Ba zan ɗora wa ɗan wani wannan nauyin ba. Na sa almakashi na yanke fuskoki da tambura. Masu auduga na kai wa makaniken da ke gyara mini mota, ya yi ta godiya, domin auduga ce ke shan baƙin mai. Masu santsin nan na roba ba sa tsotse ko ruwa, in an ƙona su kuma narkewa suke yi da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Uwargida ce ta samo musu aiki: ta yayyanka su ta cusa a tumtum biyu na falo da suka daɗe da lotsewa.

Inda hannuna ya yi nauyi shi ne kan jesin Super Eagles ta 2018. Ba ta asali ba ce, 'yar kwafi ce ta kasuwa, amma lamba 7 ce a bayanta. Ita na sa ranar da Ahmed Musa ya zura wa Aisland ƙwallo biyu a Rasha, gidan kallo ya kaure, wanda ban sani ba ya rungume ni yana ihun "ɗan Jos ne, ɗanmu ne!" Ba ta koɗe ba, ba ta yage ba, tumbi ne kawai ya raba ni da ita. Sau biyu ina mayar da ita kashin ajiyewa. A karo na uku na kira almajirin da ke mana aike, yaro ɗan shekara 15 mai son ƙwallo kamar me, na miƙa masa da hannuna. Ya juya ta ya ga lambar, ya dube ni, ya ce, "Baba, da gaske?"

Ban da ita, guda 30 muka wanke da ruwan zafi da sabulu, suka sha rana kwana biyu, aka goge, na kai wa malamin makarantar ya raba da kansa tunda shi ya san wanda ya fi buƙata. Guda 27 suka tafi tsumma da tumtum. Na rage tara.

A cikin taran akwai farar rigar bautar ƙasa ta sansanin Iseyin, da wata shuɗiya mai ratsin fari wadda ta girmi duk sauran. Marigayi Baba ne ya saya mini ita a babbar kasuwar Taminus ranar da na gama jarabawar sakandare, watanni kaɗan kafin gobarar Fabrairun 2002 ta cinye kasuwar. Ina tuna yadda ya kara ta a kafaɗata ya ce wa mai shagon ya kawo wadda ta fi girma, yaron bai gama tsawo ba. Hajiya ta karɓa ta shafa ta, ta ce Allah ya jiƙansa, muka amsa. Na ninke ta da kafur na sa a saman wadirob inda danshi ba ya kaiwa.

Babban ɗana ya gan ta ya ce yana so. Na kara masa a kafaɗa, hannun ya sauko har gwiwar hannunsa. Na ce ya bari sai ya shiga aji huɗu na sakandare.