Murya shidda, ɗaya ta mutu: abin da na koya a shekara huɗu ina kaɗa piyano

Jiya na maida makullin sitidiyo, na tattara wayoyina da fedal ɗina na hito. Shekara huɗu da wata biyu. Waɗanda suka san gidan sun san inda nike nufi ba sai na kama suna ba. Don ƙannenmu da ke shigowa harkar piyano nan Maradi nike rubuta wanga, musamman waɗanda son analog, watau piyanon da ke haɗa sautinshi da wutar lantarki kai tsaye ba da lissahin kwamfuta ba, ya kama kamar yadda ya kama ni.

Ni na sa patron ya sayi wani tsohon piyanon analog, Juno-106. Wata shidda ina bin shi da magana. Mu nan kowa PSR na Yamaha ya sani, kuma ban raina shi ba, S950 da muke aiki da shi murya 128 gare shi, watau not 128 yake iya hiddawa a lokaci guda, ka danna sitil ganga da bas su biyo ka, mutum ɗaya ya riƙe biki guda. Amma ka saurari waƙoƙin biki daga Kano har Damagaram, kusan duk sauti guda ne, kamar tukunya ɗaya ake ɗibar ma kowa. Na ce mishi Alhaji, wanga Roland ta hiddo shi tun 1984, murya shidda ne kawai, tush 61, amma kaurin sautinshi babu shi a gidan kowa cikin garin ga, kuma abin da ke haifar da sautinshi irin da ake ce ma DCO ne, watau ba ya zamewa daga daidai in ya ɗauki zafi kamar tsofaffin masu VCO, abin da ba ƙaramin abu ba ne a garin da watan Afrilu ke wuce digiri 40. Wani ɗan kasuwa ya kawo shi daga Kwatano cikin kayan gwanjo. Ranar da na kunna shi na danna korus, maɓallin da ke ƙara ma sauti kauri, na riƙe akor guda, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, mawaƙinmu ya aje shayinshi ya shigo ɗakin yana tambaya mi ne ne wannan.

Kuskurena ga shi. Kwana goma kafin wani babban biki a Ali Ɗan Sofo, muna repetisiyo, na ji not ɗaya cikin shidda yana hitowa da rauni, da ɗan ƙaras-ƙaras kamar rediyon da batir ya yi ma sanyi. Ba kullum ba, sai injin ya yi awa guda a kunne. Na ji, na gane akwai matsala, na yi shiru. Na ce ma kaina ƙurar hunturu ce za ta wuce. Gaskiyar ita ce kunya nike ji in tahi in ce ma mutumin da na sa ya hidda kuɗɗinshi wai abin ya fara ciwo wata ukku da saye.

Ran Asabar da dare, lokacin shigowar amarya, inda muka tsara ganga ta tsaya a bar ni da mawaƙi mu biyu, nan muryar ta maƙale. Na ɗaga hannuna duka biyu amma not ɗin bai daina ba, yana ta kuka cikin bafil, ƙawayen amarya sun tsaya tsakiyar hili suna kallon juna, mawaƙi ya rasa inda zai kama. Kafin in kai hannu ga makunni patron ya riga ya karɓi makirfo, gaban iyayen ango da duk jama'a ya ce kai yaro kashe wannan tsiyar taka. Ina da shekara 29 da mata da ɗiya a lokacin.

Washegari ya ce ni na ƙona shi, wai na jona shi ga grup babu regilata. Bai taɓa faruwa ba, ko sau ɗaya, kuma yaran da ke ɗaukar kaya sun shaida gabanshi. Ya yanke mini jikka 20 duk wata har wata biyar. Na kai injin wurin wani dattijo mai gyaran ampili, muka buɗe, muka bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya, ashe aisi ne, wani ɗan ƙaramin kayan lantarki, mai lamba 80017A, kowace murya da nata, wanda ke riƙe da filta, mai tace sauti, da ƙarfin sautin. Ciwon Juno-106 ne da duk masu shi a duniya suka sani, baƙin ƙaron da aka lulluɓe aisin da shi ne ke lalacewa da tsufa, har wasu kan jiƙa shi kwanaki cikin asiton, wani ruwan sinadari, su ɓare ƙaron ya dawo aiki. Haka muka yi kuma ya tashi. Na kai ma patron ɓawon ƙaron a tafin hannuna na yi mishi bayani. Ya ce na riga na yanke. Shirun da na yi na kwana goma laifina ne, na ɗauka, da ya hukunta ni kan wannan da ban ce uffan ba. Amma jikka 100 kan abin da ban yi ba, da kalmar da ya jefe ni da ita gaban mutane, har yau bai ce mini yi haƙuri ba.

Kafin gyaran ya kammala na yi makonni ina zama da injin da dare da muryoyi biyar, kuma nan na fahimci cewa yawan murya da muke gardama a kai a fada bai kai yadda muke zuzuta shi ba. Algaita murya ɗaya gare ta, sarewa ma haka, goge ma tsirkiya ɗaya ce, kuma su suka riƙe fadar sarakuna da dandali tun kafin a haifi kakanninmu. Kiɗanmu layi ne da ke bin muryar mawaƙi yana amsa mishi, tarin akor daga baya ya zo. Minimoog na 1970 not ɗaya yake iya yi a lokaci guda, Prophet-5 da ya hito 1978 murya biyar ne kuma har gobe ana neman shi. Shidda ta isa, in dai ka koyi ɗage ƙafarka daga fedal ɗin da ke riƙe not. Biyu a hannun hagu, ukku a na dama, ka bar ɗaya ta yi numfashi. PSR ne ya saba mana da taka fedal mu manta, saboda akwai 128 da za su rufa asiri.

Abin da ya fi murya muhimmanci wurina yanzu shi ne yadda injin ke zama ƙarƙashin hannu. Tush ɗin Juno ba ya jin ƙarfin bugu, ko ka lallaɓa ko ka doka sauti ɗaya ne, amma kowane abu da silaidarshi a gabanka, kana kaɗi kana buɗe filta da ɗan yatsa. DX7 na 1983 dijital ne, murya 16, yana jin bugu sarai, amma gyara sauti cikin ɗan allon nan nashi sai mai haƙuri. Minilogue da wani aboki ya kawo daga Yamai na gwada, murya huɗu, sautinshi ya yi mini, ƙananan tush ɗin nan 37 ne yatsuna suka ƙi.

Sauran kaɗan ne. Kafin ka sayi tsohon analog ka bar shi awa guda a kunne sannan ka danna tush shidda ɗaya bayan ɗaya kana riƙewa, ka saurari kowace. Ka duba bayanshi ka ga ƙarfin wutar da yake ɗauka, na Japan volt 100 ne, na Amurka 117, wutarmu 220. Ka rufe shi da zane lokacin hunturu. Kuma duk gidan da za ka yi ma aiki, tun ranar farko a rubuta wa ke biyan gyara in kaya ya lalace, a sa hannu gaban shaidu, kar ka yarda da ai mu 'yan uwa ne.

Na nemi ya sayar mini da Juno ɗin kafin in tahi, ya ƙi. Yana can kan tebur, na manna takarda a bayanshi don yaron da zai gaje ni, na rubuta murya ta huɗu ce aka gyara, ta biyu ma ta fara, ka faɗa ma Alhaji tun yau. Asabar mai zuwa ina da biki a Tibiri, da PSR ɗin aro zan tahi.