Abin da tagogin mutane suka koya mini

Shekara 9 ke nan ina sana'ar ɗinka labule da kafa shi a gidajen mutane a Kano, kuma darasin da ya fi ba ni wahala kafin ya zauna mini shi ne wanda maigidana ya faɗa tun makon farko da na shiga shagonsa. Ya ce kada in kuskura in sa almakashi a yadi sai na je da ƙafata na tsaya gaban tagar, domin awon da aka aiko ta waya ba zai gaya mini ta inda rana take dukan ɗakin ba, balle ya gaya mini su wa suke kwana a cikinsa. A lokacin na ɗauki maganar tsantseni ne irin na manya.

Aikin farko da aka sakar mini ni kaɗai jeren amarya ne. Mahaifiyarta ta zaɓo wani farin yadi shara-shara mai ratsin ruwan zinare a Kantin Kwari, ta ce shi take so a ɗakin kwana, ni kuma na ɗinka na kafa ba tare da na yi tambaya ko ɗaya ba. Da rana ya yi kyau ƙwarai, haske yana shigowa a tace, na waje kuma ba ya ganin komai. Kwana uku da tarewa sai mahaifiyar ta kira ni, murya a sanyaye, ta ce: "Malam, da zarar an kunna fitila da dare, duk wanda ya gitta ta tsakar gida yana hangen cikin ɗakin." Gidan kuwa na yawa ne, da ƙannen ango da baƙi. Na ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne da ban yi miki bayani ba." Yadi shara-shara yana suturta ɓangaren da ya fi duhu ne kawai, saboda haka idan dare ya yi, ɗaki ya fi waje haske, sai al'amarin ya juye. Na koma na ƙara sanda ta biyu da labule mai kauri da kuɗina, kuma har yau abin yana yi mini nauyi a zuciya, domin sirrin yarinyar ne na yi sakaci da shi.

Awo shi ne sashe mai sauƙi, da yake ƙa'idarsa ba ta canzawa. Labule yana bukatar yadi ninki 2 zuwa 2 da rabi na faɗin sandarsa kafin tattararsa ta cika, wato sanda mai inci 60 za ta ci inci 120 zuwa 150. Ina barin sanda ta zarce taga da kamar inci 6 ta kowane gefe, sannan in ɗage gindin labulen kaɗan daga ƙasa saboda ruwan goge-goge. Idan yadin auduga ne, a wanke shi kafin a yanka, don yana tsukewa.

Rana ce ta fi koya mini hankali. Tagar da take kallon yamma ita take shan zafin la'asar, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano yake kai maki 40, ɗakin yakan riƙe ɗumi har tsakar dare. Mutane da yawa suna zaton labule mai duhu shi ne magani, alhali yadi mai duhu zuƙe zafin yake yi ya sake shi cikin ɗaki, kuma cikin ɗan lokaci launinsa ya koɗe layi-layi a kan tattarar. Abin da yake aiki shi ne farin shafi ta bayan labulen, wanda zai mayar da hasken waje ya kuma kare yadin. Wasu suna ganin shafi dabarar tela ce ta ƙara kuɗi, amma na gwammace in rasa ciniki da in kafa labule marar shafi a tagar yamma.

A nan ne kuma na sake ganin darajar asabari, wanda a da nake yi masa kallon kayan ƙauye. Wani dattijo a cikin birni ya kira ni in yi wa falonsa labule, sai na tarar ya rataya asabari ta wajen tagar, ɗakin kuma da sanyinsa duk da cewa babu wuta. Siraran kararen sun tare rana tun kafin ta taɓa gilashi, iska kuma tana ratsowa ta tsakaninsu. Duk labulen da yake ciki, komai tsadarsa, sai zafi ya riga ya shigo sannan yake fara aiki. Na gaya masa gaskiya, na ce: "Baba, kada a cire wannan, abin da zan ɗinka ado ne kawai zai ƙara."

Labulayen zamani da ake ja da igiya ko sarƙa suna da nasu gurbin. Mai filla-fillan alminiyam, wanda ake danganta shi da birnin Venis na Italiya, ya fi kowanne iya sarrafa haske, tun da ana karkata fillayen yadda ake so. Sai dai daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kan kowane falle, kuma ɗaya bayan ɗaya ake goge su, shi ya sa nake tambayar uwar gida ko tana da lokacin wannan hidima kafin in kafa mata. Labulen naɗi, wanda yake nannaɗewa a jikin bututu, tsumma mai laima ya ishe shi, kuma shi nake ba da shawara a kicin, domin yadi mai lilo kusa da murhun gas haɗari ne. Mai hawa sama ninki-ninki, irin wanda ake kira na Rumawa, yana dacewa da ƙaramar taga, matuƙar mariƙin tagar bai turo ciki ya tokare shi ba.

Igiyarsu ce abin da ba na wasa da shi. Idan ta yi zobe tana lilo, ƙaramin yaro yana iya sa wuyansa a ciki ya shaƙe cikin ɗan lokaci, ba tare da an ji motsinsa ba. Saboda haka duk gidan da na ga takalman yara a bakin ƙofa, nakan gajarta igiyar, in kafa mata maƙali a bango inda hannun yaro ba zai kai ba, sannan in roƙi masu gida su janye gado da kujera daga gindin tagar. Ba na tattara kayan aikina sai na ga uwar gida ta ja labulen da hannunta, ta kuma mayar da igiyar kan maƙalinta a gabana.