Abin da Inna ta faɗa a taron yau

Yau bayan La'asar muka yi taron ƙungiyar tallafa wa marayu ta unguwarmu a nan Gangare, Jos. Aka karanta lissafi, kuɗin kayan Sallah bai cika ba. Mai riƙe da asusun bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Sai wata dattijuwa, Inna muke ce mata, ta ɗago murya tana rawa ta ce, "'Ya'yana, kada ku zarge shi, shi ne fa ya kai ni asibiti cikin dare." Ɗaki ya yi tsit. Kowa ya sunkuyar da kai, don kusan kowannenmu akwai irin wannan alherin nasa a wuyansa.

Sai yanzu nake gane abin da ya jawo shi cikinmu. Ya tarar da mutanen da suka riga suka amince da juna, masu jin nauyin neman rasit, masu ganin bin diddigi cin fuska ne. Shekara biyu shi ke shimfiɗa tabarma kafin kowa ya iso, kowa na kai masa damuwarsa. Wallahi har yanzu ban san da wane baki zan faɗa wa Inna ba.