Shekara goma sha huɗu na Sálvame: shirin gulmar da ya koma cin naman masu yin sa

Daga ranar 27 ga Afrilun 2009 har zuwa 23 ga Yunin 2023, duk wanda ya kunna tashar Telecinco ta ƙasar Sifaniya da misalin ƙarfe huɗu na yamma, daga Litinin zuwa Juma'a, zai tarar da mutum takwas ko goma suna zaune a ɗakin watsa shirye-shirye na Fuencarral da ke Madrid, suna tattauna wanda ya saki matarsa, da wadda ta yi faɗa da surukarta, da mawaƙin da bashi ya yi wa katutu. Sunan shirin Sálvame, kuma yakan ɗauki awa huɗu cur, a wani lokaci ma har biyar. Na daɗe ina bibiyar tarihinsa, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya sauya alƙiblar gulma a talabijin, ya ɗauke ta daga kan fitattun mutane ya dawo da ita kan magulmatan kansu.

Kafin zuwansa akwai tsohuwar al'adar bin diddigin rayuwar manya a ƙasar. Mujallar ¡Hola!, wadda aka kafa a Barcelona a 1944, ta shahara da hotunan bukukuwan sarakuna da gidajen attajirai, tana kuma yin hakan cikin ladabi da girmamawa. A 1997 tashar Canal Nou ta Valencia ta fito da Tómbola, inda ake biyan fitaccen mutum kuɗi ya zauna 'yan jarida su yi masa taron dangi. Daga 2003 zuwa 2008 kuma Telecinco ta watsa Aquí hay tomate, shirin tonon silili da ba'a, wanda Jorge Javier Vázquez yake gabatarwa tare da Carmen Alcayde. Wannan Jorge Javier ɗin ne kamfanin La Fábrica de la Tele, na Óscar Cornejo da Adrián Madrid, ya damƙa wa Sálvame. An fara shi a watan Maris na 2009 a matsayin hirar tsakar dare kan wata gasar zaman tsibiri da tashar ke nunawa, da aka ga ya karɓu sai aka mayar da shi na kullum da rana.

Masu shirya shi sun fahimci wani abu da wuri. Manyan taurari suna da tsada, suna da lauyoyi, kuma ba kullum suke yin abin magana ba, alhali awa ashirin a mako tana buƙatar abin da za a cika ta da shi. Saboda haka sai aka juya kyamara ga waɗanda ke zaune a kan kujerun. Idan Lydia Lozano ta fashe da kuka domin abokan aikinta sun tono wani kuskuren da ta taɓa yi a aikin jarida, wannan kukan shi ne labarin ranar. Idan Mila Ximénez ta fusata ta tashi ta fice, mai ɗaukar hoto zai bi ta a baya cikin lungunan ginin, ta gaban ɗakin kwalliya, har bakin ƙofar fita, mai gabatarwa yana binta da makirufo yana ba ta baki. Ana kawo musu abin taɓawa na la'asar su ci a gaban jama'a, baki cike suna musu. Ana ganin wayoyin lantarki da ma'aikatan bayan fage, ana jin daraktan shirin yana ba da umarni. Duk abin da sauran tashoshi ke ɓoyewa, su sun baje shi a faifai, kuma wannan rashin ɓoye-ɓoyen ne ya sa mai kallo yake jin kamar yana cikin majalisar ƙofar gida, inda ya san halin kowa da abin da ke tsakaninsa da kowa.

Ba wanda ya tsaya a tsakiyar wannan tsari kamar Belén Esteban. 'Yar unguwar San Blas ce, unguwar ma'aikata a Madrid, kuma an fara saninta ne saboda zamanta da Jesulín de Ubrique, shahararren mai wasan karawa da bijimai, wanda suka haifi 'ya ɗaya kafin su rabu a 2000. Ba ta da takardar aikin jarida, ba ta waƙa, ba ta wasan kwaikwayo. Abin da take da shi shi ne harshen talakawa da zuciya a fili, har aka yi mata laƙabi da gimbiyar talakawa. A gaban kyamara aka bi aurenta da mutuwar auren, da jinyar da ta yi don rabuwa da shaye-shaye, da shari'arta da tsohon wakilinta kan kuɗi. Mutane sun ƙaunace ta da gaske, amma ina ganin babu albashin da zai biya mace ta shafe shekara goma sha huɗu ana feɗe rayuwarta kowace yamma.

Masu suka sun kira shirin sharar talabijin tun ranar farko, duk da haka Jorge Javier ya karɓi lambar yabo ta Ondas a 2009, kuma a shekarun ganiyarsa kusan mutum miliyan biyu ke kallo a kullum. A ƙarshen 2014 hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai ta gargaɗi tashar cewa abin da ake faɗa bai dace da lokacin da yara ke gida ba, sai aka raba shi biyu: Limón daga huɗu zuwa biyar, inda ake sakin baki, da Naranja daga biyar zuwa takwas, inda ake ɗan tauna magana. Ban yarda da masu raina 'yan kallonsa ba. Da yawansu tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai, kuma a lokacin kullen korona na 2020 shirin ya ci gaba da zuwa kullum, ya ɗebe wa dubban gidaje kewa. Mutuwar Mila Ximénez da ciwon dajin huhu a watan Yunin 2021 ta girgiza masu kallo kamar ta wata 'yar uwa.

Inda lissafi ya kwaɓe shi ne batun Rocío Carrasco, 'yar marigayiya mawaƙiya Rocío Jurado. Shekara da shekaru ana zaginta a shirye-shirye irin wannan a matsayin uwar da ta yi watsi da 'ya'yanta, ita kuma ta yi gum, yayin da tsohon mijinta Antonio David Flores yake zaune cikin masu sharhin Sálvame ana biyansa. Ranar 21 ga Maris na 2021 kamfanin da ke yin shirin ya fitar da doguwar hira da ita, inda ta zargi tsohon mijin da cin zarafinta. Sama da mutum miliyan uku suka kalla, ministar daidaito Irene Montero ta fito ta mara mata baya, washegari kuma aka sanar da korar Flores kai tsaye a talabijin. Wajibi ne a faɗi cewa kotu ta riga ta jingine ƙarar da ta shigar a kansa, ba a taɓa samunsa da wannan laifi ba, kuma daga baya kotun ƙwadago ta soke korar. Abin da ya fi damuna shi ne cewa gidan da ya ci riba da zubar da mutuncin matar shi ne ya sake cin riba da hawayenta, kuma a duka lokutan biyu ya ɗora kansa a kujerar alƙali.

Daga nan masu kallo suka rabu gida biyu, wasu suka ƙaurace. Tashar Antena 3 ta ja jama'a da wasan kwaikwayon Turkiyya da gasar kacici-kacici ta Pasapalabra. Sai kuma binciken 'yan sanda ya fito fili a 2022, kan zargin cewa wani jami'i yana miƙa wa masu alaƙa da shirin bayanan sirri na fitattun mutane. Da Paolo Vasile, wanda ya jagoranci kamfanin Mediaset na Sifaniya, mai tashar Telecinco, fiye da shekara ashirin, ya sauka a ƙarshen 2022, shirin ya rasa garkuwarsa. Ma'aikatan sun ji labarin sokewar ne a jaridar El Mundo a watan Mayun 2023. An yi shirin ƙarshe ba tare da Jorge Javier ba, domin yana hutun rashin lafiya, kuma suka rufe da ƙona wasu kayan ɗakin a harabar tashar, kasancewar daren ya dace da bikin San Juan da ake hura wuta.

Ayarin bai watse nan take ba. Netflix ta kai takwas daga cikinsu Miami a 2023, a 2024 suka buɗe sabon shiri a YouTube da ƙaramar tashar Ten, sannan a watan Mayun 2025 tashar gwamnati ta RTVE ta ba su filin yamma da sunan La familia de la tele. Jama'a da yawa sun yi ƙorafin kashe kuɗin haraji a kan gulma, masu kallo ba su zo ba, kuma a watan Yuni aka dakatar da shi bayan 'yan makonni kaɗan.