Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Makarantar da Muka Zaɓa wa 'Yarmu

A makon da ya gabata na tsaya ne a inda na koma bakin aiki bayan doguwar jinyar mahaifiyata, da yadda al'amuran gidanmu suka fara daidaita. Abin da ya biyo baya shi ne batun karatun 'yarmu ta fari, wadda a lokacin ta cika shekara biyar, kuma ta riga ta girmi gidan renon da take zuwa. Ni da mahaifinta ba mu yi jayayya a kan cewa makarantar kuɗi za mu sa ta ba, domin mun daɗe da yanke wannan shawara, mun kuma fara ware abin da ya sawwaƙa daga albashinmu. Inda muka sha bamban shi ne wacce a cikinsu. Shi hankalinsa ya karkata ga wadda ta yi suna wajen shigar da ɗalibanta manyan makarantun gaba, yana cewa ai aikin makarantar share fage ke nan. Ni kuwa halin yarinyar ne ya fi tsaya mini a rai, domin a gida tambayarta ba ta ƙarewa, amma da zarar baƙo ya ɗaga mata murya sai ta yi tsit, ta wuni ba ta ƙara cewa uffan ba.

Na kai maganar wurin yayata, wadda ta yi rayuwarta tana koyar da ƙananan azuzuwan firamare har ta yi ritaya. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Ƙanwata, duk makarantar da za ki duba, ki je ranar da suka gayyaci iyaye don ki fita hakkinsu, amma ki sake komawa ranar da ba wanda ya san da zuwanki. Ki roƙi a bar ki ki zauna a bayan aji, kuma kada ki kalli yaron da ya ɗaga hannu, ki kalli wanda aka tambaya bai sani ba, ki ga abin da malama za ta yi da shi." Na ce, "Yaya, idan suka hana ni shiga fa?" Ta ce, "To, kin sami amsarki tun daga bakin ƙofa."

Makarantar da maigidana yake so ita muka fara zuwa, kuma ba zan rage mata komai ba: gininta ya tsaru, filin wasanta shimfiɗe yake da ciyawa, akwai ɗakin kwamfuta da ɗakin karatu, masu gadi kuma ba sa barin kowa ya wuce sai ya rubuta sunansa. A ranar taron iyaye an fito da yara 'yan shekara shida suka yi karatu a gabanmu cikin murya mai daɗi, ba gargada, har na ga wasu iyaye suna share hawaye. Da na koma ni kaɗai, shugabar makarantar ta ɗan yi jim kafin ta amince, sannan ta haɗa ni da wata ma'aikaciya ta raka ni aji. Malamar tana tsaye a gaban allo tana faɗin jimla, yara suna maimaitawa da ƙarfi gaba ɗaya. Wata yarinya da ke kusa da ni ta karanto mini shafin littafinta tun daga sama har ƙasa, na yaba mata, sannan cikin wasa na ɗora yatsana a kan wata kalma da ke tsakiyar shafin na ce ta faɗa mini ita. Ta dubi kalmar, ta dube ni, sai ta koma farkon shafin tana motsa leɓe tana bin layi da yatsa har ta iso wurin, sannan ta faɗe ta. Yarinyar tana da kaifin ƙwaƙwalwa ƙwarai, amma shafin ta haddace, ba a koya mata haɗa baƙi da wasali ba tukuna.

Wannan abu ya dame ni fiye da yadda na zata, domin na san ba matsalar makaranta ɗaya ba ce. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya bayyana cewa kashi 53 cikin ɗari na yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi a lokacin da suka cika shekara goma, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara kullum suna zuwa makaranta. Hadda tana iya rufe wannan giɓi na tsawon shekaru, iyaye suna jin karatu a baki suna murna, sai ranar da aka miƙa wa yaro rubutun da bai taɓa gani ba. Saboda irin wannan ne a Ingila, tun daga 2012, ake yi wa yara 'yan kimanin shekara shida wani gwaji na kalmomi 40, waɗanda rabinsu ƙirƙirarru ne da ba su da ma'ana ko kaɗan, don a tabbatar cewa yaro sautin haruffa yake haɗawa, ba siffar kalmar ya riƙe a kai ba. Tun daga ranar da na zauna a wancan ajin na riƙa tafiya da 'yar takarda a jakata, wadda na rubuta wasu gajerun kalmomi a kanta, kuma duk inda aka ba ni dama nakan nuna wa yaro ɗaya ko biyu cikin raha.

Akwai wata da sunan Montessori ne rubuce ɓaro-ɓaro a allon ƙofarta, kuma ba ta ɗauke ni lokaci ba. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, kuma tsarinta sananne ne: yara 'yan shekara uku zuwa shida a aji ɗaya, kayan aiki a kan 'yan kantoci daidai tsayinsu, kowane yaro ya ɗauki abin da zai yi aiki da shi na dogon lokaci ba tare da an katse shi ba, har da haruffa masu kaushi da yake shafawa da yatsa kafin ya fara riƙe fensir. A wannan makaranta na tarar da kayan a jere cikin kabad na gilashi an kulle, yara kuma suna zaune sahu-sahu suna kwafar rubutu daga allo. Na yi godiya na fito.

Wadda muka zaɓa daga ƙarshe wata abokiyar aikina ce ta ambace ta, kuma ba ta cikin waɗanda ake yawan jin sunansu. Gida ne aka mayar makaranta, fentinsa ya ɗan koɗe, filin wasan kuma bai fi a ce tsakar gida ba. Da na faɗa wa shugabar abin da ya kawo ni, ba ta ko tashi daga kujerarta ba, ta ce, "Hajiya, ga ajin can na biyu a hannun dama, ki shiga ki zauna, idan kin gaji ki dawo mu yi magana." Na zauna a kan wata 'yar kujera a bayan aji. Malamar, mace mai matsakaicin shekaru da sanyin murya, tana zagayawa ne tsakanin tebura yara suna rubutu. Ta iso kan wani yaro da ya juya harafin "b" ya koma "d", kuma da ganin yadda ya rufe littafin da tafin hannunsa ka san ya san akwai matsala. Ba ta ɗauki jan biro ba. Ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da tasa, ta ce masa a hankali, "Ɗana, buɗe mu gani tare." Ta sa shi ya furta sautin, ta kama yatsansa ta zana harafin a kan tebur, sandar farko sannan cikin, ta sake shi ya zana da kansa, ya kuskure, ya sake, sai ga shi ya yi daidai. Ta ce, "Ka ga, kai ka gyara da kanka," ta wuce tebur na gaba. Babu yaron da ya yi masa dariya, kuma wannan ne ya nuna mini cewa ba don ina wurin ta yi haka ba, domin da baƙon abu ne da duk sun juyo suna kallo. Kafin a fita tara na ji yara sun yi mata tambayoyi iri-iri, har da wadda ta amsa da cewa za ta bincika ta faɗa musu gobe.

Da na koma ofis, tambayar da Yaya ta ce kada in manta ita na fara yi, wato shekara nawa malaman ƙananan azuzuwa suka yi a makarantar. Shugabar ta lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawansu sun daɗe, har wadda na gani a aji ta koyar da yayyen wasu daga cikin ɗalibanta na yanzu. A babbar makarantar kuwa, da na yi wannan tambaya, an ce mini suna sabunta ma'aikata a kai a kai don kawo sababbin dabaru. A ganina makarantar da malamai ba sa zama a cikinta akwai abin da ke korarsu, ko albashi ne ko rashin mutuntawa, kuma ƙaramin yaro shi ke biyan bashin, domin kafin ya saba da fuska ɗaya an kawo masa wata.

Maigidana bai sauko da wuri ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ajiye mini takardar sakamakon babbar makarantar ya ce, "Ki duba nan, wannan ba labari ba ne, yaransu ne suke cin jarrabawa duk shekara." Na ce masa gaskiya ne, amma ya tuna cewa makarantar tana yi wa yara 'yan shekara biyar jarrabawar shiga, ta zaɓi waɗanda suka riga suka yi nisa, kuma yawancin iyayen da ke can suna ɗaukar malamin darasi a gida, saboda haka da wuya a iya rarrabe abin da makaranta ta yi da abin da yaran suka zo da shi. Na kuma kawo masa labarin wani bincike da aka fara a jihar Tennessee ta Amurka a 1985, inda aka rarraba dubban yara ta hanyar ƙuri'a, wasu a azuzuwa masu ɗalibai 13 zuwa 17, wasu a masu 22 zuwa 25, aka ga na azuzuwa masu ƙarancin ɗalibai sun fi yin gaba a karatu da lissafi. Shekaru da yawa bayan haka, masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka bi sawun waɗannan yara bayan sun girma, suka wallafa a 2011 cewa waɗanda suka faɗa hannun gogaggiyar malama a ajin share fage sun fi samun kuɗin shiga a lokacin da suke da shekara 27. Na ce masa abin da za mu biya wa kuɗi shi ne matar da za ta wuni da 'yarmu da kuma yawan yaran da za su raba hankalinta, kuma a kan waɗannan biyu ƙaramar makarantar ta fi.

Sai kuma batun nisa, wanda shi da kansa ya lissafa ya ga bai yi ba. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara uku zuwa biyar yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, kuma idan motar babbar makarantar za ta ɗauke ta, dole a tashe ta tun duhu bai gama washewa ba, ta dawo da yamma a gajiye ga aikin gida yana jiranta. Duk da haka bai ce ya amince ba sai da ya je da kansa, domin shi mutum ne da ya yarda cewa gani ya kori ji. Abubuwan da ya duba ba irin nawa ba ne. Ya leƙa banɗakin yara ya ga ko akwai ruwa da sabulu da mai raka ƙanana, ya tambayi yadda ake miƙa yaro idan an tashi da kuma abin da ake yi idan wani baƙo ya zo ɗaukarsa, ya tambaya ko ana duka, shugabar ta ce an hana kuma yana rubuce a takardar da kowane malami yake sa wa hannu. Ya nemi a rubuta masa duk abin da za a biya a shekara, har da na littattafai da kayan makaranta da na bukukuwa, don kada a riƙa aiko da takarda a tsakiyar zango. Ya kuma nuna musu wani wuri a katanga da bai gamsu da tsayinsa ba, suka karɓi gyaran.

Ba zan ɓoye abin da muka rasa ba. Babu ɗakin kwamfuta, littattafan ɗakin karatunsu kaɗan ne, kuma ƙarancin filin wasan ya ci gaba da damuna, domin yaro mai wannan shekaru yana buƙatar gudu da tsalle kamar yadda yake buƙatar haruffa. Mun yarda cewa waɗannan za mu iya cike su da kanmu a ƙarshen mako, da littattafan da za mu riƙa saya mata da karatun da za mu riƙa yi tare kafin barci, alhali malamar da yarinya ba ta tsoron tambaya ba abu ba ne da za mu iya samar mata a gida.

Ranar da muka kai ta don su ga matsayinta, ba a ba ta takardar jarrabawa ba. Malamar ta zauna da ita a kan darduma da 'yan katakai masu launi, tana sa ta ware su tana ƙirgawa, ni kuma aka ce in jira a waje. Da aka buɗe ƙofa malamar ta ce mini, "Hajiya, 'yarki ta san haruffa da yawa amma ba ta fara haɗa su ba, kuma hakan daidai ne a shekarunta. Ita ce ma ta riƙa yi mini tambayoyi." A wannan makon mahaifinta ya biya kuɗin zangon farko, aka auna ta aka ɗinka mata kayan makaranta.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin zangon farko, da kukan da ta riƙa yi a bakin ƙofa a makonnin farko, da kuma yadda haihuwar ƙaninta a tsakiyar shekarar ta sauya tsarin gidan gaba ɗaya.